Wutar nukiliya a ƙaramar ƙasa: tambayoyin da aka yi mini a Jos da amsoshinsu

Tun bayan duhun da ya rufe Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala, maganar wuta ba ta bar bakin mutane ba a majalisarmu ta bayan la'asar. Masu walda a Dilimi sun yi kwanaki hannu rabbana, masu niƙa suka ƙara kuɗi, masu ƙanƙara suka rufe shago. Ana cikin wannan hira ne wani ya ce ya ji a rediyo wasu ƙasashe 'yan mitsi-mitsi, waɗanda jama'arsu ba ta kai ta jihar Kano ba, suna ƙara gina tashoshin nukiliya. Mu me muke jira?

Da yake na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, ni aka riƙa jefa wa tambayoyin, wasu a majalisa, wasu ta waya. Na tattara su yadda aka yi mini su. Ina son in ga ranar da Najeriya za ta samu wuta daga nukiliya, ban ɓoye wa kowa ba. Abin da nake tsoro shi ne a fara ginin daga rufi.

Malam, yaya ake samun wuta daga nukiliya? Mu bam muka sani.

Tashar nukiliya tukunya ce ta dafa ruwa. Ruwan ya tafasa, tururi ya fito da ƙarfi, ya juya wata ƙatuwar farfela, farfelar ta juya janareta, wuta ta fita. Haka tashar kwal take aiki. Bambancin yana ga abin da ke hura wutar tukunyar: a nan ƙwayoyin zarra na yuraniyom ne ke tsagewa, kowace tsagewa ta saki zafi. Ana sarrafa yuraniyom ɗin ya zama 'yan dunƙule kamar kan ɗan yatsa, kuma ɗaya daga cikinsu yana ba da zafin da ya kai na tan guda na kwal. Tukunya mai megawat 1,000 tana cin tan ashirin da 'yan kai na wannan makamashi a shekara, kuma sai bayan shekara ɗaya zuwa biyu ake tsayar da ita a canja wani ɓangare. Tsakanin nan, dare da rana, damina da rani, tana ba da wuta.

A duniya yau akwai tukwane fiye da 400 a ƙasashe kusan 30, suna ba da kimanin kashi 9 cikin 100 na wutar duniya. A Afirka guda ɗaya ce tashar da ke aiki, Koeberg kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu, tun 1984.

Waɗanne ƙananan ƙasashe ne ake magana, kuma me ya kai su?

Rashin zaɓi ne ya kai yawancinsu. Ƙasa ce ba mai, ba gas, ga sanyi mai kisa, ga maƙwabci mai ƙarfi da ke riƙe da famfon gas, ran da ya ga dama ya rufe.

Finlan mutum miliyan 5.6 ne. Tana da tukwane biyar, kuma tun da ta biyar, Olkiluoto 3, ta fara cikakken aiki a Afrilun 2023, kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga nukiliya yake fitowa. Tukunyar ta zo a kan gaɓa, domin a watan Mayun 2022 Rasha ta daina sayar wa Finlan wuta da gas. Sulobakiya, mai mutum miliyan 5.4, fiye da rabin wutarta daga nukiliya ne. Sulobeniya ba ta wuce miliyan 2.1 ba, tashar Krsko kuwa ta tarayya ce tsakaninta da Kuroshiya, ana raba wutar biyu daidai. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta gina tukwane huɗu a Baraka, megawat 5,600, suna ɗaukar kusan rubu'in buƙatar ƙasar.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Armeniya. Bayan girgizar ƙasa ta 1988 tsoro ya sa aka rufe tashar Metsamor. Tarayyar Sobiyet ta wargaje, yaƙi ya toshe hanyoyin gas, mutanen Yereban, babban birnin ƙasar, suka yi hunturu a jere suna samun wutar awa ɗaya ko biyu a rana, suna sare itatuwan gari don ɗumi. A 1995 suka sake kunna tukunya ɗaya. Har yau ita ke ba su kusan sulusin wutarsu.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Mutanen Lituweniya sun ƙi sabuwar tasha a ƙuri'ar raba gardama ta 2012, Jamus kuma, duk girmanta, ta kashe tukwanenta uku na ƙarshe a Afrilun 2023.

To mu da muka haura miliyan 200, ai mun wuce a kira mu ƙaramar ƙasa. In Finlan ta iya, me zai hana mu?

Alhaji, a nan maganar take, kuma ina roƙon a karanta wannan amsa ko da an tsallake sauran.

A harkar lantarki ba da yawan jama'a ake auna girman ƙasa ba, da girman babban layin wutarta ake aunawa. Abin da layin Najeriya ke iya rabawa yawanci yana tsakanin megawat 4,000 da 5,500, duk da cewa injinan da aka girka a takarda sun kai 13,000. Finlan a tsananin sanyi tana jan kusan megawat 15,000, kuma abin da take sha a shekara ya ninka abin da layinmu ke bayarwa kimanin sau biyu. A wannan ma'auni mu ne ƙaramar ƙasa.

Ga dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa. Wuta ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su yi daidai a kowace daƙiƙa. Idan babban inji ya tsaya kwatsam, sauran ne za su ɗauki kayansa nan take, in sun gaza kuwa sai su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake kira durƙushewar layi ke nan, kuma a 2024 kaɗai ya faru da mu sau goma da wani abu. Saboda haka masana, har da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana, suke ba da shawarar kada inji guda ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin gaba ɗaya. Tasharmu mafi girma, Egbin a Legas, inji shida ne, kowane megawat 220. Tukunyar da Rasha ke sayarwa yanzu megawat 1,200 ce ita kaɗai, wato kusan rubu'in duk abin da muke rabawa. Kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Ko Finlan sai da ta yi dabara. Olkiluoto 3 megawat 1,600 ce, ta yi wa layinsu girma, don haka aka yi yarjejeniya da wasu manyan masana'antu cewa da zarar tukunyar ta tsaya, na'ura za ta yanke musu wuta cikin ƙiftawar ido don layin ya tsira. Ga kuma wayoyin da suka haɗa ta da Suwidin da Istoniya, waɗanda ke kawo ɗauki. Sulobeniya da Sulobakiya su ma jingine suke da babban layin Turai.

Akwai ɗaya gefen da mutane ba su cika sani ba. Tukunyar nukiliya ko an kashe ta ba ta huce nan da nan, makamashin yana ci gaba da fitar da zafi, dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa. Famfunan nan wuta suke buƙata daga waje. Duk ranar da layin ƙasa ya durƙushe, tashar ta koma kan janaretocin dizal ɗinta. An tanade su don ranar tsautsayi, ba don su zama abin kowane wata ba.

Nawa ake kashewa?

Kuɗin gini ne ke karya baya, na makamashin kaɗan ne. An fara Olkiluoto 3 a 2005 da alkawarin gamawa a 2009 kan kusan yuro biliyan 3. Sai 2023 aka gama, kuɗin kuma ya kai wajen yuro biliyan 11. A Amurka tukwane biyu na Vogtle sun haura dala biliyan 30. Baraka ce ake buga misali da ita: an ba kamfanin KEPCO na Koriya ta Kudu kwangila a Disambar 2009 kan kusan dala biliyan 20, aka fara gini a 2012, ta farko ta hau layi a 2020, ta huɗu ta kammala a 2024. Sirrinsu shi ne samfuri ɗaya suka gina sau huɗu, ma'aikatan da suka koya a ta farko su suka yi ta huɗu.

Masar tana gina tukwane huɗu a Daba'a tun 2022, kuɗin wajen dala biliyan 30, Rasha ta ba da rancen biliyan 25. Kasafin gwamnatin tarayyarmu na 2025 gaba ɗayansa kusan naira tiriliyan 55 ne, dala biliyan 30 da 'yan kai. Ku kwatanta da kanku.

Labarin da ya kamata kowane ɗan majalisa ya sani kafin ya ɗaga hannu shi ne na Filifin. An gama tashar Bataan a 1984 kan fiye da dala biliyan 2, ba ta taɓa ba da wutar ƙwan fitila ɗaya ba, kuma sai 2007 talakawan ƙasar suka gama biyan bashin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

In an samu mai ba da bashi, ba shi ke nan ba?

Wanda ya gina maka tukunya kusan kun ƙulla zumunci na shekara sittin ko fiye: shi ne makamashi, shi ne kayan gyara, shi ne horar da ma'aikata. Finlan ta soke kwangilar wata tasha da kamfanin Rosatom na Rasha a 2022 bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke, an riga an kashe kuɗi masu yawa. A Turkiyya kuwa Rosatom ne ke gina tashar Akkuyu, shi zai mallake ta, Turkiyya ta yi alkawarin sayen wani kaso na wutar a tsayayyen farashi na dala tsawon shekara 15. Mu da muke biyan bil da naira, mun ga abin da ya sami naira a 2023 da 2024.

Bankin Duniya ya ɗage haramcin da ya daɗe da sa wa kansa na ba da rancen nukiliya a watan Yunin 2025, ƙofa ta ɗan buɗe. Amma kowane mai ba da bashi tambaya ɗaya zai yi: wa zai biya kuɗin wutar? A 2025 kamfanonin da ke samar da wuta a Najeriya suna kukan bashin da suke bi ya kai naira tiriliyan 4, ga miliyoyin gidaje ba mita, ana yi musu bil na kintace.

Ni tsorona haɗari ne. Ba mu manta da abin da muka ji na Carnobil ba.

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake. A ranar 26 ga Afrilun 1986 tukunya ta huɗu a Carnobil, cikin Yukiren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, ta fashe. Mutum biyu suka mutu a daren, wasu 28 suka bi su cikin 'yan watanni saboda radiyeshan, wato wannan haske mai lahani da ido ba ya gani. Dubban yara sun kamu da sankarar maƙoshi daga baya, kuma har yau kewayen kilomita 30 kufai ne. Tukunyar ba ta da ƙaƙƙarfan ginin kankare da ke rufe irin na yanzu, ma'aikata sun kashe na'urorin kariya suna gwaji, hukuma kuma ta ɓoye labari. A Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, igiyar teku ce ta nutsar da janaretocin dizal, famfuna suka tsaya, tukwane uku suka narke, aka kwashe mutane fiye da 150,000.

Duk da haka, idan aka auna mace-mace da yawan wutar da aka samar, nukiliya tana sahun sola da iska, nesa ƙwarai da kwal da mai. Mu nan mun san iyalan da hayaƙin janareta ya kashe suna barci, ba a kuma taɓa lissafa su cikin kuɗin rashin wuta ba.

Abin da ke tsare tasha shi ne hukumar sa ido da za ta iya cewa a kashe tukunya, ko minista ya kira ta ƙi janyewa. Daular Larabawa ta kafa tata a 2009, shekara uku kafin a zuba kankaren farko. Da kuma ɗabi'ar ma'aikacin da zai ce na yi kuskure ba tare da tsoron kora ba. Wannan ba a sayo shi daga waje.

Sharar fa? Ina za a kai ta?

Mutumin Jos ba ya buƙatar dogon bayani a nan. An kwashe shekaru ana haƙar kuza a Bukur da Barikin Ladi da kewaye, kamfanoni suka tafi, suka bar mana ɗaruruwan tafkuna da tulin ƙasa. A cikin wannan ƙasa akwai ma'adanai masu ɗauke da toriyom da yuraniyom, masu bincike sun sha auna radiyeshan da ya wuce na sauran wurare, kuma mutane suna ɗiba suna gini da ita. Ba wanda ya ware kuɗin gyara tun ran farko. Mun kuma tuna gangunan shara mai guba da aka jibge a Koko ta jihar Delta ta yanzu a 1988.

Sharar tukunya kaɗan ce a yawa amma mai tsananin haɗari. Ana ajiye ta cikin ruwa wasu shekaru, sannan a zuba a manyan tulunan ƙarfe da kankare. Finlan ce ta fi kowa nisa a neman mata makwanci na dindindin: ta haƙa Onkalo, rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse, inda za a binne sharar a tulunan jan ƙarfe da aka lulluɓe da yumɓu, da nufin ta zauna shekara 100,000. Abin koyi ya wuce ramin. Kamfanonin wuta ne ke tara kuɗin aikin a wani asusu tun suna sayar da wutar, ƙaramar hukumar yankin tana da ikon ƙi amma ta amince, majalisar ƙasa kuma ta tabbatar a 2001 da ƙuri'a 159 a kan 3. Duk tsarin da aka kawo mana babu asusun shara a cikinsa, ni ba na goyon bayansa.

Ga yuraniyom a Nijar, maƙwabta kuma 'yan'uwa. Ba zai zo da sauƙi ba?

Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma abin da ke fitowa daga rami ba ya shiga tukunya. Nau'in da ke tsagewa kashi 0.7 ne kawai cikin 100, sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, masu tacewar kuma 'yan ƙalilan ne: Rasha, wadda ke da kusan kashi 40 na wannan aiki, sai Faransa, Sin da wani kamfanin haɗin gwiwa na Turai. Shi ya sa yuraniyom ɗin Nijar ya daɗe yana haska Faransa, ita kuwa Nijar, kafin 2023, kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya take saye. Da aka yanke mata a Agustan 2023 bayan juyin mulki, Yamai ta shiga duhu. Wannan ya nuna wa kowace ƙaramar ƙasa abin da dogaro da maƙwabci ke jawowa. Ya kuma nuna akasinsa: tasha babba ba za ta zauna a yankinmu ba sai ƙasashe sun haɗa layi, sun kuma amince ba za a mai da wuta makamin siyasa ba.

An ce akwai ƙananan tukwane da suka dace da irinmu.

Akwai, masu megawat 300 zuwa ƙasa, kuma girmansu ya dace da layinmu. Istoniya, mai mutum miliyan 1.3, irinsu take hange tun da majalisarta ta amince da shirin nukiliya a 2024. Gana ma ta sa hannu da wani kamfanin Amurka a shekarar. Sai dai masu aiki a yau ba su da yawa: ɗaya a kan jirgin ruwa a arewacin Rasha, ɗaya a Sin. Aikin kamfanin NuScale a Amurka an soke shi a Nuwambar 2023 da kuɗin ya haura dala biliyan 9 kan megawat 462. Kanada ta fara gina tata a 2025. Shawarata mu bar masu kuɗi su gina goma na farko, mu sayi ta goma sha ɗaya da farashin da aka gani a ƙasa.

Ga rana kyauta, ga gas ana ƙonawa a banza. Me ya kai mu wannan wahala?

Na shekara goma masu zuwa, gaskiyarka ne ɗan'uwa. Sola a kan rufin asibiti da makaranta da kasuwa aikin watanni ne. Gas ɗin da ake ƙonawa a Neja Delta, da madatsar Zungeru mai megawat 700, da Mambila da aka daɗe ana alkawari, duk sun fi kusa da hannu. Amma masaƙa da kamfanin narka ƙarfe ba sa rufewa da magariba, batir kuma har yanzu yana da tsada. Ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa kamar tamu za ta buƙaci wuta mai tsayawa da ƙafarta, mai yawa, nan da shekara talatin. A nan nake ganin gurbin nukiliya.

Najeriya ta taɓa yin wani abu a kai kuwa?

Ta yi, fiye da yadda ake zato. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya da dokar 1976, aka farfaɗo da ita a 2006. Hukumar sa ido kan nukiliya ta fara aiki a 2001. Dukansu suna Abuja. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai 'yar tukunyar bincike mai kilowat 30 da ke aiki tun 2004, kuma a 2018 aka canja mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa, aka mayar wa Sin tsohon. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gini, an sa hannu da Rosatom a 2017. Shekara ashirin ana tafiyar da tukunya a Samaru lafiya lau abin alfahari ne, amma tasha guda ta fi ta ƙarfi sau dubbai.

Za a iya kafa ta a Filato?

Da wuya. Tasha tana son ruwa mai yawa na sanyaya, shi ya sa ake kai ta bakin teku ko babban kogi. Kuma ko da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko a kan kasuwar wutarsu, nukiliya tana hannun tarayya a tsarin mulki. Rabon Filato yana cikin ruwan da ke gangarowa daga duwatsunta. Kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don ma'adanan kuza, har yau yana ba wasu sassan jihar wuta daga Kurra.

Ba za a ce bam muke nema ba?

Bam yana buƙatar tacewa ta kusan kashi 90, ba irin makamashin tasha ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun 1968, tana kuma cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta su a Afirka. Tarihinmu ma shaida ne: a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam a hamadar Aljeriya.

In kai ne a Abuja, da me za ka fara?

Da waya da turaku. Layi na biyu da na uku zuwa Arewa, yadda faɗuwar hasumiya ɗaya a dajin Shiroro ba za ta sake kashe wa jihohi fiye da goma wuta ba. Sai mita a kowane gida, don kuɗin wuta ya riƙa dawowa. Sai a ba hukumar sa ido kasafinta da ba ya bi ta hannun masu son a gina tashar. Hukumar Biyana ta ce ƙasar da ke farawa tana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin tukunyar farko ta ba da wuta, don haka waɗanda za su zauna a ɗakin sarrafa ta yanzu suna aji uku ko huɗu na sakandare. A azuzuwan da na koyar, ɗalibai da yawa sun gama ba su taɓa riƙe na'urar auna wuta da hannunsu ba. Zan sa a kai kayan gwaji makarantun nan a kasafin baɗi, a kuma riƙa ɗaukar ɗalibai daga Jos da Bauchi da Gombe a mota zuwa Samaru su ga tukunyar da idonsu.